Wuƙar Langalanga

Tun kuna ƙanana kuke tambayata inda barhon kakanku ya shiga, ni kuma ina ta zame muku. In kun matsa in ce ku tambayi uwarku, ita kuma ta sake turo ku wurina. Baffanku Sani, Allah ya ji ƙansa, har ya bar duniya yana gaya wa dangi wai sayar da shi na yi lokacin da aka sallame ni daga aiki. Ban sayar ba, kuma ban yar ba. Yanzu da uwarku ta riga mu gidan gaskiya, ba wanda ya saura a gidan nan da ya ga abin da idonsa sai ni, shi ya sa na ga gara in rubuta muku tun ina da sauran gani. Amma kada ku sa rai za ku kai ƙarshe ku ce kun gane. Ni da abin ya faru a hannuna, har yau in na zauna ina juya shi sai kaina ya ɗaure.

A shekarun tamanin ɗin nan muna zaune ne a Nasarawa ta Kaduna, ƙetaren kogi, a gidan hayar wani Alhaji Garba mai sayar da siminti da kwanon rufi. Irin gidan nan ne mai ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo a tsakar gida, in ka yi tari a ɗakinka na ɗakin gaba ne zai ce maka sannu. Ɗakin da ke kallon namu na Bitrus ne, Kirista, mutumin kudancin jihar nan, shi da matarsa da muke kira Maman Rahila. Tare muka yi aikin masaƙa a Kakuri, shi yana sashen da ake kwance dilolin auduga, ni ina wajen masu gyaran inji. Da masaƙa ta fara rage ma'aikata sai sunana ya fito, nasa bai fito ba. Ranar ya fi ni ɓacin rai, har sai da na koma ni nake ba shi haƙuri. Na dawo gida na ɗauko sana'ar gado. Mahaifina maƙeri ne a Makera, ni kuwa ƙira ta ƙi ni tun ina yaro, duk abin da na buga sai ya karkace, amma washi yana hannuna. Alhaji Garba ya ba ni rumfar ƙofar gidansa, na kafa keken washi da duwatsuna, mahauta da teloli da matan unguwa suka san da ni. Daga nan Bitrus ya raɗa mini suna Oga Washi, sunan ya bi ni har cikin masallaci.

Barhon da kuke tambaya Baba ne ya ƙera shi da hannunsa, daga sifirin ɗin wata tsohuwar babbar mota. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Baƙi ne, ƙotarsa ƙahon sa ce da ta sha hannu har ta yi santsi, kubensa kuwa duk faci. Amma ƙarfen ya ratsa ƙotar har ya ɓullo ta baya an dake shi, kuma in ka ɗan ƙwanƙwasa shi da farce sai ka ji yana amsawa. Da shi nake yanka layya, da shi kuma nake yanka wa Bitrus akuyar Kirsimeti, don ba ya yarda kowa ya yanka masa sai ni, saboda mu ma mu ci. Shi ke danne ƙafafu, ni ina juya ta gabas, bakinsa kuwa ba ya hutawa.

"Oga Washi, ka ɗaga murya da bisimillan nan. In akuya bai ji ba, ba ruwana, kai da madam ɗinka za ku ci mushe."

Baba bai bar mini gida ba, bai bar mini gona ba. Barhon nan ya bar mini, sai dokoki biyu da ya yi ta nanata mini har na gaji da ji. Ta farko, wanda ya kawo maka ƙarfe ka wasa, kada ka tambaye shi abin da zai yanka, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ta biyu, in an tambaye ka ingancin ƙarfe ka faɗi gaskiya ko na wane ne, domin mutum yana iya jingina ransa a kan maganarka. Shekara da shekaru ina bin su, ban taɓa ganin sun takura ni ba, ban kuma zaci za su iya ba.

Sai wata shekara, ana tsakiyar zafin bazara, aka ce rigima ta tashi tsakanin Musulmi da Kirista a wani gari can kudu da mu. Kafin ka ce kwabo labari ya cika Kaduna, kuma kowa da irin nasa. Wanda ya sauko daga mota ya ce an gama da mutanenmu, wanda ya sauko daga ta bayanta ya ce a'a, mutanenmu ne suka gama da su. Rediyo yana cewa a kwantar da hankali, ga kuma sojoji a bakin gada. Aka ce an ƙona wurare a cikin gari. A layinmu dai ba wanda ya ɗaga wa wani yatsa, sai dai gaisuwa ta gajarce. Matan da suka saba kawo mini wuƙaƙen girki daga layin coci suka ɗauke ƙafa. Na zaci kasuwata ce ta mutu, ashe wata ce za ta buɗe.

Wallahi ban san akwai takubba a Nasarawa haka ba. Daga ƙarƙashin gado suka riƙa fitowa, daga saman silin, daga ƙasan adaka. Direba ya kawo, tela ya kawo, mai shayi ya kawo, mutanen da ko kaza suka yanka sai sun kau da kai. Kowa zai zo da nasa a naɗe cikin tsohon zane ko buhu, ya waiga hagu da dama, ya ajiye ya ce na gado ne, tsatsa kawai yake so a cire. Ni kuma in ce to. Alhaji Garba da kansa ya fito da nasa a cikin darduma. Tsatsa ta liƙe shi a kube, ya ƙi zaruwa. Ya riƙe kube, na riƙe ƙota, muka yi ta ja kamar masu raba faɗan raguna, sai da na ɗura masa baƙin mai ya jiƙu sannan ya fito. Da ya fito kuwa na ga abin da ban taɓa riƙe irinsa ba, tsohon ƙarfe ne na gaske, in ka lanƙwasa shi ka saki sai ya koma daidai yana rawa.

"Malam Isa, so nake ya yi kaifin aska."

"Ranka ya daɗe, takobi ba aska ba ne. In na ba shi bakin aska, sara ɗaya zai ɓare."

"To ka ba shi irin wanda ya kamace shi. Kai ka san aikinka."

Takobi ba a kai shi bakin keke. Keke yana da sauri, yana zafafa ƙarfe, da ka ga bakin ya yi shuɗi to ka kashe shi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. A zaune ake yinsa, a kan dutse, da ruwa a gwangwani kana yayyafawa. Ka fara cire tsatsa da yashi mai laushi da mai, sannan ka kwantar da shi a dutse mai kaushi kana tura shi daga tsakiya zuwa tsini, ka juya ɗaya gefen ka yi masa daidai yadda ka yi wa na farko, in ba haka ba bakin zai kwanta gefe ɗaya. Wajen hannu ba a wasawa, nan ne mai shi yake tare sara. In ka gama da mai kaushi ka koma dutse mai laushi, daga nan sai fata. Takobi ɗaya yana iya cin wuni. Abin da ya fi ɗaure mini kai, kuma zan faɗa muku shi yadda yake, daɗin aikin nake ji. Na shekara ina fama da almakashi da wuƙar yanka kuɓewa, yau ga ƙarfen kirki a cinyata yana waƙa a kan dutse. Hannuna yana murna, zuciyata kuwa tana tsoro, na rasa wanne zan saurara. Waɗanda na gama sai in jingina su a bangon rumfa kafin masu su su zo, in rufe da buhu, amma buhun ba ya kai ƙasa.

Uwarku ce ta fara magana, wata rana da ta kawo mini abinci rumfa ta ga tsinayensu a jere.

"Malam, wai duk waɗannan wa za a sara?"

"Ba a tambaya."

"Kai ne ba ka tambaya. Ni ai ba 'yar maƙera ba ce."

"Kare kansu za su yi, in an zo musu."

"In wa ya zo? Maman Rahila? Ita ma tun jiya ta ɗaure kayanta a ƙullin zane, wai jira take a zo musu."

Na ce ta ajiye kwanon ta koma ciki. Ta ajiye, amma da ƙarfi.

Ana haka, wata rana da la'asar sakaliya, Bitrus ya dawo daga aiki bai wuce cikin gida ba. Ya zauna a kan bencin da masu kawo aiki suke zama. Ya yi mini sannu da aiki, abin da bai taɓa yi ba, don gaisuwarsa kullum tsiya ce. Ya jira mahaucin da ke wurin ya karɓi wuƙaƙensa ya tafi, sannan ya sa hannu cikin riga ya fito da wata wuƙa a kube. Kuben ja ne da kore, har da tuntu yana lilo, irin waɗanda masu yawo suke ratayo wa a kafaɗa suna tallarsu a tasha.

"A tasha na saya, da araha. Mai shi ya ce ƙarfen jirgi ne. Duba mini, Oga Washi. Yana da kyau?"

Na karɓa na zare. Tana ƙyalli kamar madubi, har da zanen ganye a jikinta. Amma tun daga nauyinta hannuna ya gaya mini. Na ƙwanƙwasa ta da farce, ta ce ƙwas, ta yi shiru. Na ɗauko magagari na ɗan goga a bayanta, ya shige kamar ana kankare sabulu, alhali ƙarfen kirki zamewa magagari yake yi a kansa. Na girgiza ƙotar na ji tana motsi, ma'ana ƙarfen bai shiga cikinta ba sai ɗan kaɗan, da narkakkiyar roba aka liƙe. Na taka keke na ɗan taɓa ta a dutse. Ƙarfe mai kyau tartsatsinsa fari ne, yana fashewa yana rassa, wannan kuwa wasu 'yan jajaye ne suka fito dogaye suka mutu a ƙasa. Duk wannan ina yi ne don in ja lokaci, domin tun a farcen nan na gama sani. Da na juya ta kusa da ƙota sai na ga wani ɗan layi da gogewar ba ta cinye ba, inda aka taɓa naɗe ƙarfen. Langalanga ce, siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar auduga da shi. An samu mai ɗan kauri an yanka, an goge, an yi mata kwalliya.

Nan fa na tsaya da wuƙa a hannu ina lissafi. In na ce tana da kyau, Bitrus zai shiga ɗaki hankalinsa a kwance, kuma wuƙar nan ba za ta taɓa cutar da kowa ba, ko ɗan uwana ne ya faɗo masa ɗaki. In na ce ba ta da kyau, gobe zai nemo wadda ta fi ta, kuma ban san cikin wa za ta shiga ba. To amma in na yi masa ƙarya, ranar da aka zo masa da gaske fa, ya tsaya a bakin ƙofa, 'ya'yansa a bayansa, da langalanga a hannu saboda ni na ce ta yi? Da zan iya tambayarsa don wa ya saya, wataƙila da na san amsar da zan ba shi. Dokar Baba ɗaya ta hana ni tambaya, ɗayar ta hana ni ƙarya, shi kuma Baban yana kabari ba zan iya zuwa in ce ya sassauta mini ɗaya ba. Raina ya ɓaci, na rasa da wa nake fushi, da mai tallar tasha, ko da Baba, ko da Bitrus da bai tashi kawo wa kowa ba sai ni.

Na kafa tsininta a kan benci na danna da tafin hannu. Ta lanƙwashe, na saki, ta zauna a lanƙwashe.

"Bitrus, ba ka gane ta ba? Kullum kana tsinka 'yan uwanta a masaƙa."

Ya karɓa ya duba layin da na nuna masa. Ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Langalanga! Kai, Allah ya isa. Ni Bitrus, da nake zubar da shi a bola kowace rana, ni aka sayar wa!"

Na taya shi dariyar, na ji daɗi ma da ta zo. Amma ba ta daɗe ba. Idonsa ya sauka a kan bango, inda buhu bai kai ƙasa ba. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗancan fa? Su ma langalanga ne?"

"A'a."

"Na gaske ne."

"Yawancinsu."

"Na Alhaji yana ciki?"

"Yana ciki."

"Kai ka wasa."

"Ni na wasa."

"To ai shi ke nan," in ji shi. "Aikinka ba shi da gyara."

Ya yi ƙoƙarin mayar da wuƙarsa kube ta ƙi shiga saboda lanƙwasar. Ya ɗora ta a gwiwa ya miƙar da ita da hannu, ya tura ta, ya mayar cikin riga ya shiga gida. Ban taɓa jin yabo ya yi mini ciwo irin na ranar ba.

Washegari uwarku ta tare ni da abin da ta jiyo a bakin famfo. Wai Maman Rahila ta ce mijinta ya daina kwanciya a gado, a bayan ƙofa yake kwana a zaune.

"Da wuƙarsa yake zama," in ji ta. "Jiya kuma ta ce ko wuƙar bai ɗauka ba, taɓarya ya jawo. Me ka ce masa?"

"Gaskiya na gaya masa."

"Ka karya masa abin da ya dogara da shi, ba ka ba shi wani ba. Wannan ce gaskiyar?"

Na wuni ina washi ina tunani. Na ce ko in je in ce masa, in wani abu ya taso ku shigo ɗakinmu. Sai na ga in na faɗi haka ai na ce masa wani abu zai taso ke nan, ni kuwa ban san komai ba. Ba wanda ya taɓa zama da ni ya ce ga abin da za a yi. Masu takubban nan ma, yadda na gan su, tsoro ne ya fito da su, kamar yadda ya kai Bitrus tasha. Na ce ko in ce masa ba abin da zai faru. To wa ya ba ni tabbaci, ni da na wuni ina wasa takubba? Duk maganar da na ɗauko sai in ga tana da ƙaya. Daga ƙarshe na ce tunda baki ya gagara, bari hannu ya yi. Zan ba shi barhon Baba. Ya san shi, ya san abin da yake a wurina, ya san ko Baffanku Sani ban taɓa ba aronsa ba. In ya ga na ɗauki wuƙar da ta fi kowace wuƙa a layin nan na sa a hannunsa, ni da iyalina muna kwana taku kaɗan daga ƙofarsa, ai zai gane ban ɗauke shi abokin gaba ba, kuma ba na tsoronsa, shi ma kada ya ji tsorona. Zai samu abin dogara, ya koma gadonsa ya yi barci, ƙura ta lafa, mu ci gaba da zamanmu. Haka na lissafa, kuma har yau in na sake bin lissafin ban ga inda ya karkace ba.

"Barhon Baba?" in ji uwarku. "In Alhaji ya ji fa?"

"Ya ji."

"Ni dai da za ka ji tawa, da baki za ka yi masa magana. Mutum ne, yana da kunne."

Ban ji tata ba. Ranar Lahadi da hantsi, da suka dawo daga coci, na bari ya cire takalmi, na yi sallama a ƙofarsa. Ya fito da rigar cocinsa. Na miƙa masa barhon a kubensa, ƙota tana kallonsa.

"Riƙe wannan. Waccan ba za ta yi maka komai ba."

Ina jiran ya yi tsiyarsa, ya ce yau Oga Washi ya yi kyauta, gobe za a yi ruwa. Bai yi ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya dube ni, ya dubi ƙofar gida, ya sake dubana. Ya ce na gode, a hankali, har sau biyu, ya koma ciki ya saki labule. Na dawo ɗaki ina gaya wa uwarku abin ya ratsa shi har ya kasa magana. Rabona da riƙe barhon Baba ke nan.

Ba a rufa mako ba sai ga akori-kura a ƙofar gida. Ina rumfa ina aiki na ga ana fito da gadon Bitrus, da katifa, da tukwane. Na tashi da dutse a hannu na ce lafiya? Ya ce wani ɗan garinsu ya ba su ɗaki a Kamazou. Kamazou a lokacin ai daji ne, gonaki sun fi gidaje yawa, kuma ina Kamazou ina masaƙa. Na ce me ya yi zafi? Ya kama hannuna ya matse, ya ce Allah ya saka, ya hau bayan mota. Maman Rahila da uwarku suka rungume juna suna kuka a bakin famfo. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Na ba mutum abin da ya fi komai daraja a ɗakina don ya san na amince da shi, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya gudu daga gare ni. Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce ashe duk akuyoyin nan da muka ci tare a banza ne.

A wajen loda kayan ne Alhaji Garba ya hango ƙotar ƙahon nan a ƙugun Bitrus. Duk layin an san ta. Motar ba ta gama shan kwana ba ya iso rumfa.

"Malam Isa, wuƙar ubanka na gani a jikin mutumin can, ko idona ne?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Sace ta ya yi?"

"Ni na ba shi."

"A wannan lokacin? Kana wasa namu da rana, kana ba su naka a ɓoye? To kai na wane ɓangare ne?"

Bai jira amsata ba. Ya ce in ba shi takobinsa, in kuma nemi wata rumfar. Kafin magariba kowa ya zo ya kwashe nasa, har waɗanda ban gama ba. Wasu ko kallona ba su yi ba. A masallaci aka daina matsa mini wuri a sahu, sai in na kutsa. Ɗakin dai Alhaji bai kore mu ba, albarkacin uwarku da matarsa. Rumfa kuwa ta tafi, daga nan ne na ɗaura dutsen a bayan keken hawa na shiga yawo unguwa-unguwa, yadda kuka taso kuka gan ni. Kuma ku ji abin da ya ƙara ɗaure mini kai: ba abin da ya faru a layinmu. Ko gilashin taga ba a fasa ba. Sojoji suka bar gada, damina ta sauka, takubba suka koma ƙarƙashin gado suka ci gaba da tsatsarsu. Ɗakin Bitrus wani direban tanka ya kama, mutumin kirki, amma ko sunansa na manta.

An ɗauki shekaru kaɗan ban sa shi a ido ba. Ban neme shi ba, saboda haushin bai sake ni ba. Sai wata rana yawon washi ya kai ni har Kamazou, ina tafe ina kaɗa ƙararrawa, na ji an kwarara kira daga wata gona.

"Oga Washi!"

Ya yar da fartanya ya taho da gudu. Ya rame, ya yi baƙi. Ashe nisa ya sa ya yi ta makara har masaƙa ta sallame shi, ya koma noma da ɗan aikin lebura. Ya ja ni har gidansu, ɗaki ne na jar ƙasa ko shafe babu. Ya shiga kiran maƙwabta, ya kira Rahila da ƙannenta suka durƙusa a gabana. Maman Rahila ta fito tana share hawaye da bakin zane, ta rasa abin da za ta ba ni, ta sa aka kamo kaza.

"Ga shi nan," in ji Bitrus, yana nuna ni ga mutanen da ban sani ba. "Mutumin da nake ba ku labari. Shi ya cece mu."

Na ce ceto kuma? Daga me?

"Kai dai bari. Ran da ka kawo mini wuƙan babanka, ina shiga na ce wa Maman Rahila, tashi ki haɗa kaya. Malam Isa shi yake wasa takobinsu, ya san ranar, ya san komai. Ba zai iya faɗa da baki ba saboda mutanensa. Amma mutum ba ya cire wuƙan babansa ya ba wani sai abu ya kai wuya."

"Bitrus, ai ba abin da ya faru. Ko kaza ba a taɓa ba."

"Allah ne ya tsare."

"Wallahi ban san komai ba."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya juya ga maƙwabtansa.

"Kun gani? Har yau yana rufa musu asiri. Haka yake."

Suka yi ta sa mini albarka, wata tsohuwa har da ɗaga hannu sama tana addu'a da yarensu. Na zauna a kan turmi aka sa mini kaza a gaba, wadda ni na yanka, ina ci ba na jin ɗanɗanonta. Haushin da na riƙe shekaru ya zube, abin da ya maye gurbinsa kuma ya fi shi nauyi. Ina kallon bangon jar ƙasan nan, da ƙafafun yaran duk faso, ina tuna ɗakinsu na Nasarawa mai siminti da lantarki.

Da na tashi tafiya ya ce sai ya raka ni bakin titi. Ya karɓi keken yana tura mini, muna tafe a hanyar gona mu biyu. Na yi ta haɗiye maganar tana dawowa. Da muka hango kwalta na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara faɗa ba.

"Bitrus, ba don ka tashi na ba ka ba. Don ka zauna na ba ka."

Ya tsaya. Ya dube ni, yana jiran in yi dariya. Da ya ga ban yi ba sai ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza robar hannun keken da babban yatsa. Motoci suna ta wucewa a titi.

"Kada ka gaya wa Maman Rahila wannan," in ji shi. "Da kuka ta bar ɗakin nan. Duk wahalan da muka sha a nan, abin da yake riƙe ta shi ne mun tsira."

Na ce to. Ya miƙo mini kan keken, na hau.